Darasi: Zaɓen Daɓen Ɗaki Mai Kare Lafiya da Muhalli

A duk ginin gida babu inda jikin mutum ke yawan taɓawa irin ƙasan ɗaki. A nan jariri ke koyon zama da rarrafe, a nan ake shimfiɗa dadduma a yi salla, a nan ake ajiye kwanon tuwo yara su zagaye shi, idan kuma zafin bazara ya hana barci a kan katifa, nan ake gangarowa neman sanyi. Amma a wurin gini shi ne ɗan bora. Magidanci kan ƙarar da kuɗi da tunani a kan bulo da kwanon rufi da ƙofar ƙarfe, sai aljihu ya yi sanyi sannan a tuna da daɓe, a ce wa birkila ya yi duk yadda ya sawwaƙa. Daga baya uwargida ta sayo leda ta rufe aibun.

Wannan darasi ya shafi yadda iyali za su zaɓi abin da za su taka, ba tare da an cuci lafiyar yara ba, ba kuma tare da an cuci daji da iskar da kowa ke shaƙa ba. Buƙatun biyu ba kullum suke tafiya tare ba, shi ya sa zaɓen ke son natsuwa.

Abin da ya hana a bar ƙasa tsura

A shekarar 2000 gwamnatin jihar Kowawila da ke arewacin ƙasar Meziko ta fara wani shiri mai suna Piso Firme, inda take zuba wa talakawa daɓen siminti a ɗakunan da a da turɓaya ce zalla. Masana tattalin arziki suka bi sawun shirin. Suka kwatanta gidajen birnin Toriyon, inda aka yi daɓen, da na garuruwan da ke maƙwabtaka da shi a jihar Durango, inda shirin bai kai ba tukuna. Sakamakon da suka wallafa a 2009 ya girgiza masu harkar lafiya: a gidan da aka daɓe ɗakunansa duka, tsutsar ciki da danginta a jikin ƙananan yara sun ragu da kashi 78 cikin ɗari, gudawa ta ragu da kashi 49, ƙarancin jini da kashi 81. Iyaye mata ma sun ce damuwa ta ragu musu.

Dalilin a fili yake. Turɓaya ba ta wankuwa. Kashin kaji, fitsarin yaro, dattin da takalmi ya kwaso daga hanya, duk suna nutsewa a cikinta, shara kuma ba ta yin komai sai tayar da ƙura. Yaron da ke rarrafe hannunsa na ƙasa, daga ƙasa sai baki. Ƙuma da sauran ƙwari na samun maɓoya a cikin ƙurar. Don haka duk wanda zai yi maganar komawa ga kayan gargajiya don kare muhalli, ya fara amincewa da cewa ɗakin da ba a daɓe ba cuta ne, kuma babu uwar da za a ce ta zauna da shi don a ceci duniya daga ɗumama. Daɓen da ya cancanci a zaɓa shi ne mai ƙarfi, mai sulɓi, wanda za a iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Siminti yana yin wannan aiki, amma da tsada iri biyu. Ta farko kowa ya san ta, ita ce ta buhu. Ta biyu ba a ganin ta a kasuwa. Ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a wata doguwar tanda mai juyawa har zafi ya kai digiri 1,450. Haka ake yi a Obajana ta jihar Kogi, da Ashaka ta jihar Gombe, da Kalambaina a Sakkwato, da Malbaza a Nijar. Man da ake ƙonawa na fitar da iskar kabon, shi kansa dutsen kuma yana sakin tasa iskar yayin da yake gasuwa, kuma tasa ta fi ta man yawa. Kowane tan ɗaya na siminti na barin fiye da rabin tan na wannan iska a sararin sama. Idan aka haɗa masana'antun duniya, siminti ne ke da alhakin kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumamar yanayi. Ba wanda zai ce a daina siminti. Akwai dai wuraren da ake zuba shi alhali wani abu mai sauƙi zai wadatar.

Daɓen iyaye da kakanni

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan abu mai sauƙi. Kafin buhun siminti ya iso kasuwannin Kano da Damagaram, mata ne ke yin daɓe, kuma sana'a ce mai ƙa'ida. Idan an gama ɗaki, musamman na amarya, sai a yi gayya. A share ƙasan ɗakin a daidaita shi, a kwaso jar ƙasa mai burji ko ƙananan tsakuwa a baje, a yayyafa ruwa a bar ta ta jiƙa. Sannan mata su jeru a durƙushe, kowacce da madaɓinta, wani guntun itace mai faɗin ciki da mariƙi, su shiga bugu a tare suna matsawa sannu a hankali daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa. Waƙoƙin daɓe da aka sani a adabin baka a nan aka haife su, don waƙar ce ke haɗa saukar madaɓai wuri guda, ta kuma rage gajiyar hannu.

Bugu ɗaya ba ya isa. Ƙasa na bushewa tana tsagewa, sai a sake yayyafi a sake bugu, yau da gobe, har tsagar ta rufe, tsakuwa ta nutse, saman ya fara sheƙi. A wannan mataki ne makuba ke shigowa. Itacen ɗorawa na ba da gari mai ruwan ɗorawa da yara ke sha, yana ba da kalwa da ake yin daddawa, ɓawon 'ya'yan kuma shi ne makuba. Ana jiƙa shi ko a dafa shi har ruwan ya yi ja ya yi duhu, a riƙa yayyafa wa daɓen ana bugawa. Inda ɗorawa ta yi wuya akan jiƙa bagaruwa, wadda majema ke jeme fata da ita. Dukansu biyu na ɗauke da sinadari mai bauri da ake kira tanin, wanda ke ɗaure ƙasar, ya rage shan ruwanta, ya ba ta launin nan ja mai duhu da tsofaffi ke tunawa. Magina kuma suna da nasu haɗin: katsi, wato dattin da ake kwasowa daga gindin rijiyar marina a ƙone, a cakuɗa da gashin da majema suka kankare da ruwan dafara, a sami laso da ake shafe rufin soro da shi don ruwa.

Abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya daga cikin kayan nan da aka sare itace ko aka haƙo daga nesa dominsa. Makuba ɓawo ne da za a zubar, katsi sharar marina ne, gashin jima sharar majema. Sana'a ɗaya na ciyar da wata da abin da ta yar. Idan ɗakin ya rushe bayan shekaru, daɓensa ya koma gona ba tare da ya bar guba ba.

Daɓen gargajiya na da rauninsa, kuma gara a faɗe shi. Ruwa mai kwanciya na narka shi. Ƙafar gadon ƙarfe na huda shi. Yana son a sabunta shi lokaci zuwa lokaci, idan kuwa aka yi sakaci sai ya farfashe ya koma turɓayar da aka gudu. Gayyar mata da ke ɗaukar nauyinsa ta yi ƙaranci a birane. Sannan akwai abin da ya fi waɗannan duka ƙarfi, wato kunya: an wayi gari ana kallon daɓen ƙasa a matsayin shaidar talauci, dangin amarya kuma ba sa son a ce an kai 'yarsu ɗakin da ba siminti.

Yadda wasu suka gyara raunin

A Ruwanda, inda kusan gida uku cikin huɗu ke zaune a kan turɓaya a lokacin, wata ƙungiya mai suna EarthEnable ta fara aiki a 2014 ƙarƙashin jagorancin Gayatri Datar. Maginanta kan zuba marmara su danne ta da kyau, su ɗora kwaɓin yashi da yumɓu su goge shi ya yi sumul, idan ya bushe su shafe shi da wani man tsirrai da ke daskarewa idan ya sha iska. Abin da ake samu daɓe ne mai tauri da ƙyalli, wanda ake wankewa da ruwa. Ƙungiyar ta ce kuɗinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daɓen kankare ba, aikin kuma ya bazu zuwa Yuganda da Kenya. Wanda ya san daɓen makuba zai gane cewa hanya ɗaya ce, an dai ƙara mata awo da man rufewa.

A Burkina Faso kuma, mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da ƙasa a 2001, da hannun mutanen garin. A gine-ginensa na Gando ana buga daɓen ƙasa, sannan mata su goge shi da dutse har ya yi sulɓi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine. Ya dace masu jin kunyar daɓen ƙasa su san wannan.

Gwajin ƙasa da tsarin shimfiɗa

Ba kowace ƙasa ke yin daɓe ba. Mai yumɓu da yawa na tsagewa idan ta bushe, mai yashi da yawa na marmashewa. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. A sami kwalba mai faɗin baki, a zuba ƙasar zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta a gindi. Bayan 'yan sa'o'i laka mai laushi ta kwanta a kansa. Yumɓu ne na ƙarshe, yakan kwana ɗaya ko fiye kafin ruwan ya washe. Daga kaurin kowane layi za a gane abin da ƙasar ta ƙunsa. Daɓe na son yashi ya rinjaya nesa ba kusa ba, yumɓu kuma ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin biyar. Idan yumɓun ya yi yawa sai a ƙara yashin rafi.

Kwalba ba ta isa hujja ita kaɗai. Magini mai hankali kan yi kwaɓi uku ko huɗu masu bambancin yashi, ya shafa kowanne a inuwa da faɗin faranti, ya bar su su bushe. Wanda ya tsage, yumɓunsa ya yi yawa. Wanda farce ya kankare shi cikin sauƙi, yashinsa ya yi yawa. Wanda ya tsaya daram shi ne awon da za a bi a ɗakin gaba ɗaya, ana aunawa da kwanon sarki don kada kwaɓin safe ya bambanta da na yamma.

Babban abokin gabar daɓen ƙasa shi ne danshin da ke tasowa daga ƙarƙashi da damina. Maganinsa a ɗaga ƙasan ɗaki sama da tsakar gida da aƙalla taki ɗaya, a fara shimfiɗa tsakuwa mai kaurin kusan santimita 10 a danne ta, don ruwa ba ya iya hawa ta tsakanin manyan duwatsu yadda yake hawa ta cikin laka. A kan tsakuwar ake zuba burji a daɓe shi kashi-kashi, ba a tashi ɗaya ba. Ƙasar da za a daɓe kada ta zama taɓo: idan aka dunƙule ta a hannu ta riƙe siffarta ba tare da ta jiƙa tafi ba, ruwanta ya yi daidai. Saman ƙarshe siriri ne, santimita 2 ko 3, ana goge shi da cokalin gini. Da rani ake wannan aiki, a rufe tagogi daga iskar hunturu don kada saman ya riga cikin bushewa.

Man rufewa na buƙatar gargaɗi. Wanda aka fi sani shi ne man linsid da masu fenti ke amfani da shi, ana tatsarsa daga 'ya'yan tsiron kittani. Ana shafa shi sau uku ko huɗu bayan daɓen ya bushe ƙayau, ana barin kowane shafi ya shanye. Man gyaɗa da manja ba sa daskarewa idan sun sha iska, sai dai su yi wari su jawo tururuwa. Baƙin man inji kuwa, wanda wasu ke shafa wa katako don gara, guba ne da bai kamata ya kusanci inda yaro ke rarrafe ba. Tsumman da aka shafa linsid da shi ma yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi a lungu, don haka a baje shi a fili ya bushe ko a nutsar da shi cikin ruwa.

Wanda bai sami wannan mai ba yana da tsaka-tsakin hanya. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, idan za a zuba masa kankare mai kaurin santimita 10 da haɗin da aka saba, zai ci buhun siminti kusan 6 kafin a zo ga shafen sama. Idan kuwa ƙasa mai yashi aka cakuɗa da siminti kaɗan, kamar kashi 6 cikin ɗari na nauyinta, aka daɓe, buhu 3 za su kusa isa. An rage kuɗi da hayaƙi da rabi, ƙarfin kuma ya ishi ɗakin kwana.

Inda aka ɗebo ƙasar ma abin tambaya ne, kuma jihar Zamfara ta koyar da wannan cikin hawaye. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega saboda gubar dalma. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙawa, ƙurar mai dalma ta bi ƙasan ɗakuna da tsakar gida, yara suka haɗiye ta da hannu. Fiye da yara 400 suka rasu. Kafin likitoci su iya yi wa sauran magani sai da aka kankare ƙasar gidajen aka kwashe, aka zubo mai tsabta. Don haka ba a ɗiban ƙasar daɓe kusa da wurin haƙar ma'adinai, ko inda ake fasa tsofaffin batura, ko juji, ko kududdufin da kwatar unguwa ke zuba a ciki. A kuma cire baƙar ƙasar sama a mayar gona, ta ƙarƙashi ce ta gini.

Tsingaro, dutse da tayil

Wuraren da ruwa ke zuba kullum, wato banɗaki da madafa da wurin wanke-wanke, ba na daɓen ƙasa ba ne ko da an shafa masa mai. Haka gidan da ke kwari. Ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan fashewar madatsar Alau, ta isa ta tunatar da kowa cewa ruwan da ya kwana a ɗaki ba ya barin ƙasa da rai. A irin waɗannan wurare ana son abu mai tauri, kuma a nan ma akwai zaɓi.

Mutanen Ile-Ife sun shimfiɗe farfajiyoyinsu da tsingaron tukwane ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna kafa su a tsaye gefe da gefe cikin tsari mai kyau, har yau kuma ana ganin ragowarsu a garin. Jikan wannan dabara shi ne fasasshen tayil da masu shago ke sayarwa da arha. Tayil sabo na cin wuta sosai, don ana gasa shi da zafin da ya haura digiri 1,000, wani kuma daga ƙetare ake ɗauko shi. Amma wanda ya riga ya fashe, amfani da shi ceto ne daga juji. Dutsen da ake fasawa kusa da gari, irin na kewayen Jos da Kaduna da Abuja, ba ya buƙatar gashi ko kaɗan kuma yakan fi mai gidan daɗewa. Jan bulo na da sanyin taku da kyan gani, sai dai inda ake gasa shi da itace, kowane ɗaki na cin rabonsa na daji. Idan akwai tsoho ko mai juna biyu a gida, a guji tayil mai santsi, don karayar ƙugu a wurin tsoho ba ƙaramar masifa ba ce.

Katako, gora da kayan ƙetare

A ƙasashen sanyi katako ne sarkin daɓe. A nan kuwa gara na jiran sa, yanayi ma bai bar shi ba: da hunturu danshin iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta ya haura 70, katako kuma na tsukewa yana kumbura tare da shi har ya buɗe baki ko ya bankare. Ga kuma tambayar inda aka saro shi. Madobiya, itacen da makiyaya ke sassabe wa dabbobi ganyensa da rani, an yi mata sarar ƙare dangi a Taraba da Adamawa da Kogi ana lodi zuwa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje masu tsada. Abin ya kai a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Wanda ya nace wa katako, ya nemi tsohon da aka ciro daga wani gini, ko na gandun da ake dasawa bayan an sare.

Ana tallata gora a matsayin madadi, don ciyawa ce da ke isa sara cikin shekara biyar ko shida ta kuma sake tohowa daga saiwa. Gaskiya ne. Sai dai yawancin allunan gora a ƙasar Sin ake yin su, ana tsaga ta a dafa a busar a manne da gam, wani gam ɗin kuma na ɗauke da sinadarin fomaldehaid mai sa yajin ido da tari. Ana kuma tallata ɓawon itacen da ake yin matoshin kwalba da shi. Fotugal ce ke samar da kusan rabin na duniya. Ba a sare itacen, ana ɓare shi ne idan ya kai shekara 25, daga nan duk bayan shekara 9, yana kuma iya rayuwa shekara 200. Abu ne mai taushi da kyau a inda yake. Kafin ya ƙetare teku ya hau tirela daga Legas ko Kwatano zuwa Katsina ko Maraɗi, kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin iyalai, idan ya lalace kuma babu mai gyara a kusa.

Ledar ɗaki da ta cika kasuwanni ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce zaɓin gidaje da yawa. Kakanta shi ne linoliyam, wanda Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860 daga man linsid da garin katako da ƙaro, a kan shimfiɗar algarara. Wannan na tsirrai ne, kuma yakan yi shekaru masu yawa. Ledar yau kuwa roba ce ta PVC da ake samu daga man fetur da gishiri, ana ƙara mata sinadarai don ta yi laushi. Siririyar ba ta daɗewa take yagewa a bakin ƙofa. Idan aka shimfiɗa ta a kan daɓe mai danshi, ƙarƙashinta na zama gidan fumfuna da kyankyaso. Ba ta ruɓewa a juji, idan kuma aka cinna mata wuta, yadda ake yi da shara a unguwanni, hayaƙinta na ɗauke da guba mai ƙona huhu. Kafet mai mamaye ɗaki bango zuwa bango shi ma yawanci zaren roba ne, yana tara ƙurar hunturu, mai asma kuma shi ke biyan kuɗin.

Tabarmar kaba ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli. Daga ganyen goriba ake saƙa ta, itacen na nan da ransa, kuɗin kuma na shiga hannun masaƙa na karkara. Ana naɗe ta a kakkaɓe a shanya a rana, idan ta tsufa ta koma taki. A kan daɓe mai kyau, tabarma da buzu sun wadatar da ɗakin zama.

Gida ɗaya ba dole ya zama da daɓe iri ɗaya ba. Iyali na iya yi wa ɗakunan kwana da zaure daɓen ƙasa mai mai ko mai ɗan siminti, su ajiye buhunan da suka rage don banɗaki da madafa, su jera dutse ko fasasshen tayil a hanyar da ake bi da damina, su bar wani sashe na tsakar gida a buɗe da yashi ko tsakuwa don ruwan sama ya nutse ya ciyar da rijiya maimakon ya kwarara titi. Ɗan haya da ba shi da ikon fasa daɓen mai gida na iya cike ramukan simintin da ya tarar, ya shimfiɗa tabarma a maimakon sabuwar leda.

Aikin aji

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi zai ɗebo ƙasa daga wurin da maginan unguwarsu ke ɗiba, ya yi gwajin kwalba, ya auna kaurin kowane layi da rula ya rubuta. Zai kuma nemi wata dattijuwa da ta taɓa riƙe madaɓi, ya tambaye ta irin ƙasar da suke zaɓa, da yadda suke haɗa ruwan makuba, da kwana nawa suke bugu kafin a shiga ɗakin. Waɗanda ke da maginin ƙasa ko birkila a kusa su tambayo kuɗin daɓe ɗaki mai ƙafa 12 da siminti, da tayil, da leda, tare da shekarun da kowanne kan yi kafin ya nemi gyara. A aji za a raba kuɗin kowane daɓe da yawan shekarunsa, a jera sakamakon a allo, sannan a zaɓi ƙasa mafi kyau cikin waɗanda aka kawo a yi gwajin kwaɓi huɗu a harabar makaranta.